Extend, prolong, protract, elongate ko lengthen: wacce za ka saka a takardarka?

Ranar wata Lahadi ɗan ƙanwata ya shigo mini zaure da takarda a hannu, fuska a murtuke. Hutun ƙaro karatun da ma'aikatarsu ta ba shi zai ƙare a ƙarshen wata, shi kuwa bai gama rubuta kundin digirinsa na biyu ba, yana neman a ƙara masa wata shida. Ya rubuta wasiƙar da Turanci, ya kai ofis, jami'in da ke karɓar takardu ya zagaye kalma ɗaya da jan biro, ya miƙo masa abarsa bai ce uffan ba.

"Kawu, don Allah duba mini. Ni dai ban ga laifinta ba."

Na duba. Kalmar da aka zagaye ita ce *protract*. Na tambaye shi inda ya samo ta, ya ce ƙamus ɗin wayarsa ne ya jero masa kalmomi biyar, duk ma'anarsu tsawaitawa, shi kuma ya ɗauki wadda ta fi kama da ta manyan 'yan boko. Abin da bai sani ba, a kunnen wanda ya ji Turanci wasiƙar tasa cewa take yi: ranka ya daɗe, ina roƙo a ja mini hutun nan ya yi ta tafiya har ya gunduri kowa.

Kama da wane ba ta wane. Ƙamus bai yi masa ƙarya ba, bai dai gaya masa duka ba. Kowace ɗaya cikin kalmomin nan da gidan da ta fito, kuma har yau warin gidan bai bar jikinta ba.

Abin da zan auna su da shi

Na farko, me kalmar take tsawaitawa: abu ne da ake taɓawa kamar igiya da wando, ko lokaci ne? In lokaci ne, yana da ranar ƙarewa a rubuce, ko kuwa sai ranar da Allah Ya yanke? Wannan tambaya ita kaɗai tana raba rabin gardamar.

Na biyu, tsada. Ba a sayar da kalma a Kantin Kwari, amma akwai abin da ake biya: wahalar da mai karatu zai sha kafin ya gane ka, da irin rigar da kalmar take sa wa maganarka. Wata kalmar 'yar shara ce, wata babbar riga ce mai aska takwas, kuma ba a zuwa gona da aska takwas. Sai ƙarko, wato daɗewarta a harshen da kuma ko ma'anarta ɗaya ce daga Kano har Landan. Sai sauƙin furtawa da rubutawa. Na ƙarshe shi ne haɗari, abin da kalmar za ta faɗa a madadinka alhali ba ka aike ta ba.

Ga ɗan tarihin da zai sauƙaƙa sauran bayanin. Kafin 1066 mutanen Ingila suna da harshensu na gado, ɗan'uwan Jamusanci. A shekarar ne Wiliyam na Nomandi ya ci su da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, Latin kuma na coci da malamai. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar da abu ɗaya yana da kalmar gida, da kalmar kotu, da kalmar littafi. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tsawo tamu ce ta gado, wa'adi kuwa ta hannun malamai da alƙalai ta zo mana daga Larabci.

Extend

Asalinta Latin ne, *extendere*: *ex* waje, *tendere* miƙewa ko ɗamewa, kamar yadda ake ɗame igiya. Daga tushen nan aka sami *tent*, wadda ta shigo bakinmu ta zama tanti, don ai tanti ƙyalle ne da aka ɗame a kan sanduna. Ta shiga Turanci a ƙarni na 14 ta hanyar Faransancin kotu, kuma aikinta na farko na masu shari'a ne: kimanta darajar fili. Daga baya ta buɗe ta zama ta kowa, amma ƙanshin ofis bai sake ta ba.

Ƙarfinta shi ne tana aiki a kan abin da yake da iyaka sananniya, kuma akwai mai ikon matsar da iyakar. Lokacin canjin kuɗi, da Babban Bankin Najeriya ya matsar da wa'adin daina karɓar tsoffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairun 2023, kalmar da jaridun Turanci suka yi amfani da ita ke nan. Haka ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai: an tsara ranar 29 ga Maris 2019, aka yi ta ƙara wa'adi har sau uku, ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020, kuma kowane ƙari *extension* aka kira shi. Biza, kwangila, hutu, haya, ranar rufe karɓar takardun neman aiki, duk filinta ne.

Ba ta tsaya ga lokaci ba. Ana *extend* ɗin titi, da gini, da wayar wuta. Soket ɗin nan mai doguwar waya da ke kowane shagon cajin waya sunansa daga nan ya fito. Malamin gona ma a Turance ma'aikacin *extension* ne, saboda shi ke miƙa ilimin masu bincike zuwa ga manomi. Har gaisuwa ana *extend* ɗinta, wanda ya yi daidai da namu miƙa gaisuwa.

Ba ta da tsada, kowa ya san ta, furucinta bai da wuya, sunanta *extension* kuma yana ko'ina. Haɗarinta ba a jikinta yake ba, yana ga 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita. In ka rubuta *extend by six months*, ƙarin wata shida kake nema a kan abin da aka ba ka. In ka rubuta *extend to six months*, cewa ka yi a mayar da jimillar wata shida. Wanda aka ba wata huɗu ya rubuta *to* maimakon *by*, da hannunsa ya zubar da wata huɗu daga cikin shidan da yake nema.

Prolong

*Pro* gaba, *longus* dogo. Ta zo daga Latin na baya-baya, ta bi ta Faransanci, ta shiga Turanci a ƙarni na 15. A Turancin yau kusan lokaci kaɗai take tsawaitawa, kuma lokacin da ba shi da rana a kalanda: rai, yaƙi, fari, ciwo, jira, taro. Abin da take nufi shi ne abu ya wuce inda aka zata zai tsaya.

Mutane da yawa sun ɗauka kalmar sharri ce. Ba haka ba ne, abin da ta hau kansa ne yake ba ta launi. Magani yana *prolong* ɗin rayuwar mara lafiya, alheri ke nan. Gardama tana *prolong* ɗin wahalar jama'a, akasinsa ke nan. Asibiti ne babban gidanta. Doguwar naƙuda, wadda idan ta haɗu da toshewar hanyar haihuwa take jawo wa mata yoyon fitsari, a takardar likita *prolonged labour* ce. A jikin kwalin magani kuma za ka ga *prolonged-release*, wasu kamfanonin su rubuta *extended-release*. Duk abu ɗaya ne, ƙwayar da take sakin maganinta a hankali cikin sa'o'i, kuma irinta ba a dakawa ba a taunawa. A nan kaɗai nake ganin kalmomin biyu sun zauna a tabarma ɗaya babu bambanci.

Haɗarinta ya fi kama 'yan'uwanmu na Nijar, da Kamaru da Chadi, waɗanda suka yi boko da Faransanci. A Faransanci *prolonger* ita ke yin kusan duk aikin da *extend* take yi a Turanci: biza, zama, kwangila. Har ƙarin minti 30 na wasan ƙwallo *prolongation* suke ce masa, alhali Bature ɗan Ingila *extra time* ya sani. Wani abokina ɗan Maraɗi da ke sayen kaya a Kano ya taɓa nuna mini saƙon da ya tura wa mai gidan da yake haya, ya ce yana son ya *prolong* zamansa. An gane shi, ba a kore shi ba. Amma mai gidan ya karanta kamar baƙo ne ke shirin yin kaka-gida, ba ɗan haya mai neman sabuwar yarjejeniya ba.

Tsadarta matsakaiciya ce, ƙarkonta mai kyau. Sunanta *prolongation* yana nan a Turanci amma yana da nauyi, an fi jin siffarta *prolonged*. Wajen furuci, kamar duk masu farawa da *pr*, harshenmu yana son mayar da ita furo, sai a kula.

Protract

Wannan ita ce ta jefa ɗan ƙanwata. *Pro* gaba, *trahere* ja, irin jan da ake yi wa kaya mai nauyi a ƙasa. Tarakta ma daga tushen nan take, ita ce ma hanya mafi sauƙi ta tuna halin kalmar: duk abin da aka *protract* janyo shi ake yi, ba da son ransa yake tafiya ba. Kai tsaye daga Latin malamai suka ɗauko ta a ƙarni na 16.

Ba kasafai ake jin ta a matsayin aikatau ba, siffarta *protracted* ce take yawo, kuma kusan kullum da ƙorafi a bayanta. Yajin aikin malaman jami'a na ASUU da ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur, shi ne irin abin da ake kira *protracted*. Shari'ar gado da ta cinye rabin gadon ma haka. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya har ma'auni ta yi mata: idan mutum 25,000 ko fiye daga ƙasa ɗaya suka shekara biyar ko fiye suna gudun hijira a wata ƙasa, zaman nasu ya zama *protracted*.

Wani zai tuna da ɗan rabin da'irar roban nan na cikin akwatin lissafi, *protractor*, ya ce to shi kuma me ya ja? Masu awon fili ne suka ari kalmar don zana taswira bisa ma'auni, ma'anar ta mutu a bakin jama'a, ta bar sunan abin awon.

Mai tsada ce, kuma a wasiƙar neman alfarma ita ce mafi haɗari. Ba a roƙon a yi maka ita. Ana dai zargin wani da yin ta.

Elongate

*E* waje, *longus* dogo. A Latin na baya-baya *elongare* nesantawa take nufi, kuma masu ilimin taurari har yau suna amfani da *elongation* wajen faɗin nisan da ake ganin duniyar Zahra ko wata irinta ta yi da rana a sararin sama. Ita ma ƙarni na 16 ta shigo. A Turancin Ingila da Amurka aikinta siffa ce: abin da ya yi tsawo fiye da faɗinsa, kamar ganye, ƙashi, fuska, ko ƙarfen da aka ja ya miƙe. Kalmar ɗakin gwaje-gwaje ce da littafin kimiyya.

A Najeriya kuwa ta sami wani aiki na daban. Da aka so gyara tsarin mulki don Shugaba Obasanjo ya yi wa'adi na uku, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin ranar 16 ga Mayun 2006, *tenure elongation* ya cika jaridu, kuma tun daga nan bai fita ba. Mu da Hausa tuni muna da sunansa tun zamanin Abaca a 1998: tazarce. Kalmar ta ƙetara iyaka ma, don da ita aka kira yunƙurin Tanja Mamadu a Nijar, wanda ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agustan 2009 ya ƙara wa kansa shekara uku, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010.

A ganina tazarce ta fi *elongation* faɗin gaskiya, don ita ba ta ɓoye a bayan Latin ba. Amma ga mai rubutu abin lura shi ne ƙarkon kalmar ya rabu biyu. A Abuja zargi ce. A Landan za a gane ka, amma za a ji wani iri, kamar ka ce wa'adin mulkin ya yi siffar kokwamba. Sakataren ƙungiyar da zai rubuta cewa taro ya amince a ƙara wa shugabanni wata uku kafin zaɓe, idan ya saka *elongate*, ya ba 'yan adawa makami kyauta.

Lengthen da stretch

Waɗannan su ne 'yan gida, tushensu ya girmi zuwan Wiliyam. *Long* ta haifi *length* kamar yadda *strong* ta haifi *strength*, aka liƙa musu *en* suka zama aikatau. *Lengthen* ba ta da ra'ayi, ba ta yabo ba ta zargi. Tela ya warware kalmasar wandon yaro ya ƙara inci biyu, *lengthen* ya yi. Inuwa da la'asar, layin mai a gidan mai, yini a lokacin bazara, duk suna *lengthen* da kansu ba wanda ya ba da izini. Arha ce a ma'ana, wahalarta a baki take da alƙalami: baƙaƙe huɗu a jere, *ngth*, kuma rabin ɗaliban da na taɓa duba takardunsu *lenght* suke rubutawa. A kula da 'yarta *lengthy*, wadda takan ɗauki ma'anar dogon da ya ishi mutane.

*Stretch* ja ne ba tare da ƙari ba. Tela ya ƙara ƙyalle, roba kuwa ja ta kawai aka yi. Shi ya sa ake *stretch* ɗin albashi ya kai ƙarshen wata. Ba ta shiga wasiƙar ofis, kuma in aka ce mutum ya *stretch* gaskiya, gishiri ya ƙara.

Akwai maƙwabta uku da ake ruɗa su da waɗannan. *Postpone* ɗagewa ce: zaɓen shugaban ƙasa na 2015 da aka mayar daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris bai ƙara tsawo ba, wuri ya canza. *Renew* sabuntawa ce, ita ake yi wa fasfo da lasisin tuƙi. Ta ukun, *prorogue*, abin dariya ce: a Rum ta da ƙara wa jami'i wa'adi take nufi, a Faransanci ma har yau tana da wannan ma'anar, amma a Turanci ta juye ta zama dakatar da zaman majalisa, irin wanda firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya yi har Kotun Ƙolin Birtaniya ta soke shi ranar 24 ga Satumban 2019.

| Kalma | Asali | Abin da take tsawaitawa | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| extend | Latin, miƙewa. Ƙarni na 14 | abu, da lokaci mai wa'adi | arha | ɗaya a ko'ina | mai sauƙi | ruɗa by da to |
| prolong | Latin ta Faransanci. Ƙarni na 15 | lokaci mara wa'adi | matsakaiciya | mai kyau | da dama | tarkon masu Faransanci |
| protract | Latin, ja. Ƙarni na 16 | rikici, shari'a, ciwo | mai tsada | siffarta ce ta rayu | da wuya | tana ɗauke da ƙorafi |
| elongate | Latin, nesantawa. Ƙarni na 16 | siffar abu | mai tsada | ta rabu biyu | da dama | warin tazarce |
| lengthen | tushen gida | abu da lokaci | arha | mai kyau | wuyar furuci da rubutu | kaɗan |
| stretch | tsohon Turanci | abin da ke miƙewa | arha ƙwarai | mai kyau | da dama | ba ta ofis ba ce |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In kana neman alfarma a rubuce, kuma abin yana da rana a jikinsa, *extend* ce, ba sai ka yi dogon tunani ba. Ka faɗi yawan ƙarin, ka kuma rubuta ranar da zai ƙare, don kada *by* da *to* su yi maka ɓarna. Abin da muka yi wa wasiƙar ɗan ƙanwata ke nan, kalma ɗaya muka canza muka ƙara kwanan wata.

Ma'aikacin lafiya, da mai fassara bayanin magani, da mai rahoto kan fari ko zafi, *prolong* da *prolonged* ne nasu. Wanda ya taso da Faransanci ya riƙe wannan: duk inda hannunsa ya tafi zai rubuta *prolong*, ya duba ko akwai sa hannu da hatimi a lamarin, in akwai, ya koma *extend*.

Ɗan jarida ko lauyan da yake son mai karatu ya ji gajiyar abin ya ɗauki *protracted*, amma da saninsa cewa ya ɗauki ɓangare. Ɗalibin kimiyya mai bayanin siffar ganye ko ƙarfe ya riƙe *elongated*. Mai sharhin siyasa da ke rubuta wa 'yan Najeriya yana da damar *tenure elongation* in zargi yake nufi. In masu karatunsa na waje ne, ya ce *extension* ya yi bayani. Tela, kafinta, magini da malamin firamare, *lengthen* ta ishe su.

Saura mai rubuta sanarwar rasuwa. A jaridunmu an saba da *after a protracted illness* idan marigayin ya daɗe yana jinya, kuma ba wanda zai ga laifinka a nan gida. In kuwa sanarwar za ta je wa abokan aikinsa na waje, ka rubuta *after a long illness*. Haka su suke cewa, kuma ba ta nuna kamar jinyar ta ishi iyalinsa.